Mai digirin kemistiri tana da gurbi a kamfanin magani kuwa?

Tambaya daga Ɗalibar Aji Uku

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce a aji uku a sashen kemistiri na wata jami'ar tarayya a Arewa maso Yamma. Gaskiyar magana ita ce ba kemistiri na nema ba. Fannin harhaɗa magunguna, wato famasi, na cike sau biyu a JAMB, makin bai kai ba, a karo na biyu aka tura ni kemistiri, na karɓa domin mahaifina ya ce ba zan ƙara zaman shekara guda a gida ba. A shekarar farko na yi karatun ne da baƙin ciki, amma tun da muka shiga darussan nazarin sinadarai da awo sai na ga abin yana shiga raina, har sakamakona ya yi kyau fiye da yadda na zata.

Abin da ke damuna shi ne duk wanda na gaya wa fannina, amsarsa ɗaya ce: ai sai koyarwa. Ban raina koyarwa ba, mahaifiyata malamar firamare ce, da albashinta aka saya mini littattafan aji ɗaya. Sai dai zuciyata tana kan magani har yanzu. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya tana karanta injiniyancin sinadarai, ita kuma kowa yana ce mata in ba matatar mai ko kamfanin taki ko na siminti ba, to babu inda za ta, kuma wai waɗannan wuraren ba na mata ba ne.

Nan da 'yan watanni za mu fita horon SIWES, wato koyon aiki a masana'antu da ake tura ɗalibai, na wata shida. Ina so waɗanda suka san harkar su faɗa mana gaskiya: shin kamfanonin haɗa magunguna suna ɗaukar wadda ba ta karanta famasi ba? Idan suna ɗauka, wane aiki take yi, kuma ina ne iyakarta? Sannan yaya lamarin yake ga mace Bahaushiya mai hijabi, wadda iyayenta ba za su so ta yi nisa da gida ba? Na gode.

Amsa daga Mai Gwajin Inganci

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki ta mayar da ni baya shekaru goma sha, domin ni ma kemistiri na karanta a Zariya, ni ma ba shi na nema ba, kuma yau ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen ingancin magani na wani kamfani a Jihar Ogun. Amsa a taƙaice ita ce suna ɗauka, kuma a sashenmu masu digirin kemistiri da bayokemistiri da nazarin ƙananan halittu sun fi masu digirin famasi yawa.

Mutane suna ɗauka cewa magani yana fitowa ne daga hannun mai harhaɗa magunguna kai tsaye, saboda shi suke gani a asibiti ko a kanti. Amma ki ɗauki ƙwayar farasitamol mai miligiram 500. Kafin a buga ta, garin sinadarin ya iso ne a cikin duro daga Indiya ko Sin, tare da takardar da mai sayarwa ya rubuta cewa kayansa masu kyau ne. Aikinmu na farko shi ne kada mu yarda da wannan takardar har sai mun gwada da kanmu. Mukan ɗebi samfuri, mu tabbatar cewa abin da ke cikin duron shi ne abin da aka rubuta a jikinsa, mu auna tsarkinsa da yawan laimar da ke cikinsa. Haka muke yi wa sitaci da sauran abubuwan da ake haɗawa domin ƙwayar ta kama jikinta. Bayan an buga ƙwayoyin kuma sai mu sake ɗiba, mu auna nauyinsu da taurinsu, mu jefa su cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, mu ga cikin minti nawa suke narkewa su saki maganin, domin ƙwayar da ba ta narke a ciki ba, da ita da tsakuwa duk ɗaya ne. Sannan mu sa a na'urar HPLC, mai rarrabe sinadarai tana auna yawan kowanne, ta faɗa mana ko miligiram 500 ɗin da aka yi alkawari suna nan. Duk wannan kemistiri ne tsantsa, irin wanda kike cewa ya shiga ranki.

Akwai kuma aikin da ya fi burge ni, wato gwajin daɗewar magani. Ranar lalacewa da kike gani a jikin kwali ba ƙiyasi ba ce. Muna ajiye samfura a cikin wasu akwatuna masu zafin digiri 30 da laima kashi 75 cikin ɗari, wanda shi ne yanayin da aka ware wa ƙasashe masu zafi da laima irin tamu, wasu kuma a digiri 40 na tsawon wata shida, muna fito da su lokaci bayan lokaci muna aunawa. Duk wadda ta taɓa shiga shagon magani mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu za ta gane dalilin da ya sa wannan gwajin ba wasa ba ne.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya sa nake ganin wannan aiki ya wuce neman abinci. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka mutu a Najeriya bayan sun sha wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, kuma asibitin koyarwa na Zariya yana cikin wuraren da aka kwantar da su. Abin da ya faru shi ne an yi amfani da sinadarin dayetilin gilaykol, wanda ake aikin masana'antu da shi kuma yake kashe ƙoda, a madadin furofilin gilaykol da ake narka magani a cikinsa. Su biyun ruwa ne garai mai ɗan kauri, ido ba zai bambanta su ba, amma na'urar gwaji tana bambanta su. Da an gwada duron kafin a zuba, da ba a kai ga haka ba. A 2013 kotu ta ɗaure jami'ai biyu na kamfanin shekaru bakwai bakwai, ɗaya daga cikinsu kuma shi ne mai kula da tabbatar da inganci. Irin wannan guba ce ta sake kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022, ta hanyar ruwan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya. Likitan da ya rubuta maganin ba shi da hanyar sani, uwar da ta ba ɗanta ba ta da hanyar sani. Wanda yake da hanyar sani shi ne mutumin da ke tsaye gaban na'ura da samfuri a hannunsa.

Na taɓa shiga irin wannan jarrabawar a wurin da na fara aiki, wanda na bari tuni. Wani zubin ruwan magani ya faɗi a gwaji, ƙarfinsa bai kai abin da aka ƙayyade ba, ga motar dillali tana jira a waje tun safe. Wani babba ya shigo ya ce in sake gwadawa, na sake, sakamakon bai canza ba. Ya ce in ƙara, har sai ya fito daidai. Na ce masa, cikin ladabi, ƙa'ida ba ta yarda a yi ta maimaita gwaji har sai an sami amsar da ake so ba, kuma ba zan sa hannu ba. A lokacin ban cika shekara biyu da fara aiki ba, gwiwoyina suna rawa a ƙarƙashin rigar aiki. Da aka bincika sai aka gano cewa an yi kuskure wajen awon garin tun a ɗakin haɗawa. Ba wanda ya yi mini godiya, kuma an yi kusan wata guda ana gaishe ni da ƙyar, amma zubin bai fita ba.

Shawarata game da SIWES ita ce ki nemi wurin da za ki taɓa na'ura da hannunki, ko da kamfanin ruwan roba ne ko na lemo, maimakon babban ofishin da za a ajiye ki kina kwafar takardu. Ki koyi awo da sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo, ki koyi haɗa ruwan gwaji daidai, ki koyi rubuta abin da kika yi a lokacin da kika yi shi, da biro, ba da fensir ba, kuma ba bayan kwana biyu ba. A wannan sana'ar abin da ba a rubuta ba, ana ɗaukarsa ba a yi shi ba.

Amsa daga Famasis a Kano

'Yata, abin da Hajiya mai gwajin inganci ta faɗa a sama gaskiya ne, ban cire ko harafi ba, amma kin tambayi inda iyakarki take, kuma ina ganin wannan ɓangaren yana bukatar a faɗe shi ba tare da sakaya ba, domin kada ki shiga da tsammanin da zai karya miki zuciya daga baya.

Doka a Najeriya ta keɓe wasu kujeru ga masu rajistar Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna, wato PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022. Ba a yi wa kamfanin magani ko babban shagon sari ko kantin famasi rajista sai da famasis mai lasisi wanda zai ɗauki alhakin wurin. Digirin kemistiri, ko da na daraja ta ɗaya ne, ba zai ba ki wannan lasisin ba, kuma digiri na biyu a kemistirin magunguna ma ba zai ba ki ba. Na ga waɗanda suka yi digiri na biyu a tsangayar famasi suna zaton sun zama famasis, ranar da suka gane ba haka ba ne abin bai yi musu daɗi ba. Ki lura kuma da matan da ake yawan kawowa misali idan ana wannan zance. Marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, daga 2001 zuwa 2008, da Farfesa Mojisola Adeyeye da ta karɓi hukumar a 2017, da Stella Okoli da ta kafa kamfanin magani na Emzor, dukkansu famasi suka karanta. Ba ina cewa ƙofa a rufe take ba, ina cewa ne ki san ƙofar da take taki.

Idan har zuciyarki tana kan zama famasis ne, wato ki tsaya gaban mara lafiya ki ba shi magani da shawara, ko ki buɗe kantinki, to hanya ita ce ki gama wannan digirin da kyau, ki nemi shiga famasi kai tsaye daga aji biyu a jami'o'in da ke karɓar masu digirin kimiyya. Sai dai ki yi lissafin shekaru, domin tsarin digirin famasi na yanzu shekara shida ne, ga shekarar horo bayansa. Wannan shawara ce da za ki yanke tare da iyayenki, ba da mu ba.

Idan kuwa ɗakin gwaji ne ya kama ki, to ki bi naku tsanin, domin kuna da shi. Akwai cibiyar ƙwararrun masana kemistiri ta ICCON, akwai kuma IPAN ta masu nazarin samfura, wadda mambobinta ke sa hannu a takardun shaidar gwajin abinci da ruwa da magani. Ki fara tunaninsu tun kina bautar ƙasa.

Abu na ƙarshe shi ne kuɗi. Albashin farko a kamfanonin magani na cikin gida ba shi da yawa, kuma mafi yawansu suna Legas da Ota da Agbara da Shagamu, inda kuɗin haya kaɗai zai cinye rabin abin da aka ba ki. Masana'antar kanta tana fama da tsadar dala da dizal, ga shi a 2023 kamfanin GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a ƙasar bayan shekaru fiye da hamsin. Ni dai ba zan tura 'yata Legas kan albashin da ba zai riƙe ta ba, sai in tana da dangin da za ta zauna a wurinsu.

Amsa daga Injiniya Maman 'Yan Biyu

Ina yi wa Malam godiya da ya fito da maganar doka, amma ina so in yi magana da ƙawar taki mai karanta injiniyancin sinadarai, domin har yanzu ba wanda ya taɓa ɓangarenta, kuma ina ganin ita aka fi yi wa rashin adalci da zancen matatar mai.

Ki gaya mata cewa kamfanin magani, idan aka cire kwali da tambari, masana'antar sarrafa ruwa da iska da zafi ce. Ni aikina kenan shekara tara, a kamfanin da ke yin ruwan ƙarin da ake ɗaura wa marasa lafiya. Ruwan da ke shiga jijiyar mutum ba ruwan famfo ba ne da aka tace. Daga rijiyar burtsatse yake fitowa, ya bi ta yashi da gawayi, a cire masa gishirin da ke sa shi tauri, a matsa shi ta cikin tantanin tacewa da ƙarfin famfo, sannan a tafasa shi a tattara tururinsa, a kuma bar shi yana zagayawa da zafi a cikin bututun ƙarfe mara tsatsa dare da rana, saboda ruwan da ya tsaya wuri guda ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama a cikinsa. Lissafin girman famfo da faɗin bututu da musayar zafi, duk abin da take wahala a kansa a aji uku ne. Haka iskar ɗakin da ake cika kwalabe: ana tace ta, ana kuma riƙe matsinta sama da na ɗakin da ke kusa, domin idan an buɗe ƙofa iska ta fita, kada ƙura ta shigo. Ita da ta tashi a ƙasar da ake hunturu ba sai an yi mata dogon bayani kan ƙura ba.

Akwai kuma abin da injiniya kaɗai ke warwarewa, wato yadda haɗin da ya yi kyau a kilo ɗaya a ɗakin bincike yake ƙin yin kyau a kilo 300. Tarihin fenisilin ma a nan ya tsaya na wani lokaci. An gano shi tun 1928, amma samar da shi da yawa ya gagara har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka koma renon naman gwarin da ke samar da shi a cikin manyan tankuna masu zurfi ana hura musu iska. Cikin waɗanda suka yi wannan aiki akwai Margaret Hutchinson Rousseau, mace ta farko da ta sami digirin digirgir a injiniyancin sinadarai daga jami'ar MIT ta Amurka a 1937, wadda ta tsara masana'antar farko ta fenisilin na kasuwa. Ba famasi ta karanta ba.

Game da hijabi, a nan ma akwai abin dariya. A ɗakin sarrafa magani kowa a rufe yake, namiji da mace: hula mai rufe gashi duka, takunkumi, riga mai dogon hannu, safar hannu da takalmin ciki. An hana ɗan kunne da zobe da agogo da hoda da jan baki da turare, kuma mai gemu sai ya sa masa rufi. Abin da ba za a yarda ba shi ne ki shiga da hijabin da kika zo da shi daga titi, saboda ƙurar da ya ɗauko, amma ɗakin canza kaya na mata daban yake, kuma ni ina da ƙaramin ɗankwali da nake sawa a ƙarƙashin hular. Lalle ma mukan yi shi ne lokacin hutu, domin wasu wuraren ba sa son komai a farce. Salla kuwa ban taɓa rasa ta ba, sai dai takan bukaci ki shirya da abokin aikinki tun kafin lokaci ya yi, tunda ba a barin na'ura tana aiki ba kowa.

Inda wahalar take da gaske shi ne aikin dare da juna biyu. Sashen sarrafawa yana yin karɓa-karɓa, kuma lokacin da nake da cikin 'yan biyu sai da na nemi a ɗauke ni daga wurin da ake aiki da sinadarai masu tashi a iska, aka mayar da ni ofishin takardun tabbatar da na'urori. Shugabana na lokacin bai so ba, ya ce da ma abin da ya sa ba ya son ɗaukar mata kenan. Na kai takardar likita, na tsaya a kan bakana, kuma a wannan ofishin ne na koyi aikin da ya kai ni matsayin da nake yanzu. Ki gaya mata ta yi rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, idan lokaci ya yi, kuma ta yi wannan maganar da duk wanda zai aure ta tun kafin a kai kuɗi, ba bayan an ɗaura ba.

Amsa daga Tsohon Malamin Jami'a

'Yata, ni na yi ritaya daga koyar da kemistiri, kuma mafi yawan ɗaliban da suka fi ƙwazo a ajina a shekarun ƙarshe mata ne, abin da ke ba ni takaici shi ne kaɗan daga cikinsu nake jin labarin sun ci gaba da fannin. Saboda haka zan taɓa maganar nisa da gida, domin na san ita ce za ta yanke hukunci a gidanku, ba maganar na'ura ba.

Gaskiya ne manyan kamfanoni suna Kudu maso Yamma, amma Legas ba ita kaɗai ce hanya ba. NAFDAC tana da ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna da kuma Maiduguri, kuma hukumar ta kai mataki na uku a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022, matakin da ba a riƙe shi sai da masu gwaji ƙwararru. A Idu da ke Abuja akwai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD, a Basawa da ke Zariya akwai NARICT mai binciken fasahar sinadarai, a Vom kusa da Jos akwai cibiyar da ke yin alluran rigakafin dabbobi, a Ilori akwai kamfanonin magani da dama, a Kano ma akwai ƙanana a Sharaɗa da Bompai. Tun da aka mayar da 'yan sarin magani na Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, bukatar masu duba inganci a Kano sai dai ta ƙaru.

Ki dubi Niprisan, maganin rage ciwon sikila da NIPRD ta samar a shekarun 1990. Cikin tsirrai huɗu da aka haɗa shi da su akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da ke cikin kicin ɗin mahaifiyarki ko a kasuwar garinku. Wanda zai tatso sinadarin daga tsiro, ya auna shi, ya tabbatar cewa zubin bana daidai yake da na bara, masanin kemistiri ne. Haka aka yi da atemisinin, tushen magungunan zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau: daga wani tsiro dangin tazargade aka samo shi a Sin, kuma aikin bai yi nasara ba sai da wata masaniya 'yar Sin mai suna Tu Youyou ta gane cewa zafin tafasawa ne ke lalata sinadarin, ta koma tatsa da ƙaramin zafi. Muna noma masara da rogo amma muna sayo sitacin magani daga waje, muna fitar da ƙaro daga Yobe da Borno da Jigawa ɗanye, wasu su tace shi su sayar mana. Wannan giɓin ba na likita ba ne, ba kuma na famasis ba ne, naku ne.

Malam famasis ya ce matan da ake kawowa misali duk famasi suka karanta, to ga wadda ba ta karanta ba. Gertrude Elion ta gama digirin kemistiri a birnin New York a 1937, aka yi ta hana ta aikin bincike saboda mace ce, har ta yi aikin gwada tsamin abincin gwangwani a wani kamfanin kayan masarufi. A 1944 ta shiga kamfanin magani, inda ta yi aikin da ya haifar da maganin sankarar jinin yara da maganin da ke hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa masa. Ta karɓi lambar Nobel a 1988 ba tare da ta taɓa kammala digirin digirgir ba. Ina kawo ta ne saboda aikin gwajin abincin nan, wanda da yawa daga cikinku za su raina idan aka ba su shi a SIWES.

Ɗalibar Aji Uku ta dawo

Allah ya saka muku da alheri, Anti, Malam, Injiniya da Baba. Na karanta wa mahaifina amsoshinku jiya da dare, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce Legas dai a'a a yanzu, amma Kaduna ko Abuja zai yarda, tunda ƙanwarsa tana aure a Kaduna. Maganar komawa famasi kuwa mun ajiye ta sai na gama. Ƙawata ta ce in gaya wa Injiniya cewa ta fasa ƙin darasin musayar zafi. Tambayata ta ƙarshe ga Anti mai gwaji ita ce, me zan rubuta a takardar neman gurbin SIWES, ni da ban taɓa ganin na'urar HPLC tana aiki ba? Ta sashenmu ta lalace tun kafin mu shigo.

Mai Gwajin Inganci ta sake amsawa

Kada ki rubuta cewa kin iya abin da ba ki iya ba, ƙanwata, domin minti biyar a gaban na'urar ya isa a gane. Ki rubuta abin da kika yi da hannunki a makaranta, kamar awon ɗigo da haɗa ruwan gwaji da amfani da na'urar auna tsami, ki kuma faɗi a sarari cewa kina neman a sa ki a ɗakin gwaje-gwaje, ba a ofishin gudanarwa ba. Ki kai takardar da ƙafarki tun yanzu, tare da wasiƙar sashenku, kada ki jira sai saura mako biyu, domin gurabe kaɗan ne kuma ɗalibai daga jami'o'i da kwalejojin fasaha da yawa suke nema. Ki kai wurare uku ko huɗu, har da hukumar ruwa ta jiha da kamfanonin lemo na Kakuri da ke Kaduna, saboda gwajin ruwa shi ne rabin aikinmu.

Kafin ki fara, ki nemi ƙa'idojin kyakkyawan tsarin sarrafa magani na Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda ake kira GMP, suna nan kyauta a intanet, ki karanta babin tsabta da na ajiye bayanai ko da ba ki gane komai ba a karon farko. Idan an ɗauke ki, makonnin farko wankin kwalaben gwaji za a ba ki, ki wanke su da kyau, ki ɗauraye da tataccen ruwa sau uku, domin mai kula da ɗakin yana kallon wanda zai amince ya bar wa na'ura. Ki sayi farar rigar aiki mai dogon hannu da takalmi rufaffe mara tsini, ki kuma tafi da ƙaramin littafi mai bango mai tauri wanda zai shiga aljihun rigar.